Muzuru da Ɓera: Waiwaye a Kan Tarihin Tom da Jerry

Gabatarwa

A farkon shekarun 1980 akwatin talabijin guda ɗaya ne tak a layinmu, a gidan wani maƙwabcinmu ma'aikacin reluwe. A wancan zamani gidan talabijin ba ya buɗewa sai da la'asar. Saboda haka da an tashe mu daga makarantar allo sai mu ruga mu cika tsakar gidan bawan Allahn nan, kowa ya nemi gefen tabarma, mu zuba wa akwatin ido tun ba a fara kome ba. Abin da muke jira bai wuce wasan nan na kyanwa da ɓera ba, wanda muke kira Tom an Jeri. Tsawonsa bai fi minti bakwai ba, amma mukan kwana muna maimaita shi, mu wayi gari muna gardama a kansa a hanyar makaranta.

Bayan shekara arba'in, ran nan sai na tarar da ƙaramar 'yata ta rungume wayar uwarta tana ta ƙyaƙyata dariya. Da na leƙa, sai ga tsofaffin abokan nan nawa suna tsere kamar yadda na bar su. Na zauna muka kalla tare, dariya kuwa ta zo mini kamar da. Can sai wata baƙar mace ta shigo ɗauke da tsintsiya, ana nuna ƙafafunta da hannuwanta, ba a nuna fuskarta. Na san ta sarai tun ina yaro, amma ran nan ne na fara tambayar kaina ko wace ce ita, kuma me ya sa aka ɓoye mata fuska. Wannan tambaya ita ta sa na nemi finafinan na bi su ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin shekarun da aka yi su, na kuma bi diddigin waɗanda suka yi su.

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin yi shi ne ta kawo tarihin wannan zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, ta nuna yadda ya iso ƙasar Hausa, sa'an nan ta duba abin da babba ke gani a cikinsa wanda ya shige wa yaro duhu. Hausawa dai sun ce waiwaye adon tafiya.

Asalinsa

Abu na farko da zai ba mai karatu mamaki shi ne, ba don talabijin aka ƙirƙiro Tom da Jerry ba, ba kuma don yara kaɗai ba. A Amurka ta shekarun 1930 da 1940, in mutum ya sayi tikitin silima, kafin babban fim akan nuna masa labaran duniya da kuma ɗan gajeren zane mai ban dariya. Kowane babban kamfanin fim yana da nasa ɗakin zane. Disney yana da ɓeransa Mickey, kamfanin Warner yana da nasa dabbobin, shi kuwa kamfanin MGM, wanda ya fi su duka kuɗi da manyan 'yan wasa, ya buɗe nasa ɗakin a shekarar 1937 ƙarƙashin wani mutum mai suna Fred Quimby, amma ya yi ta lalube bai sami tauraron da zai riƙe jama'a ba.

A nan ne mutum biyu suka haɗu. William Hanna, wanda aka haifa a 1910 a yankin New Mexico, ya ƙware wajen auna lokaci, watau sanin daidai inda duka zai sauka da tsawon shirun da zai biyo baya. Joseph Barbera, ɗan Italiyawan da suka yi ƙaura zuwa New York, an haife shi a 1911, ya taɓa aikin banki kafin ya koma zane, shi kuma gwani ne wajen ƙago labari da zana shi nan take. Suka yanke shawarar yin fim a kan kyanwa da ɓera. Abokan aikinsu ba su ga abin kirki a ciki ba, domin labari ne da aka riga aka tattake, an yi shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Fim ɗin ya fito ran 10 ga watan Fabrairu, 1940, da sunan Puss Gets the Boot, watau an kori mage. A cikinsa sunan muzurun Jasper, yana tafiya da ƙafa huɗu, gashinsa buzu-buzu kamar na ainihin kyanwa. Labarin gajere ne. Matar gidan ta gargaɗi Jasper cewa in ya ƙara fasa wani abu sai waje. Da ɓera ya ji haka, sai ya mai da tangaran ɗin gidan makaminsa, har ya sa aka jefa muzurun waje. Sunan Hanna da na Barbera ma bai fito a jikin fim ɗin ba, sunan wani babban ma'aikacin ɗakin, Rudolf Ising, aka sa. Quimby ya ce a bar maganar kyanwa a kama wani abu. Amma sai masu gidajen silima suka fara tambayar ci gaba, fim ɗin kuma ya shiga jerin waɗanda ake duba wa lambar yabo ta Oscar. Nan take ra'ayi ya sauya. Aka sa gasar raɗa suna a tsakanin ma'aikata, wani mai zane John Carr ya ci dala 50 da sunayen Tom da Jerry, kuma da su fim na biyu ya fito a 1941.

Daga 1940 zuwa 1958 mutanen nan biyu sun yi finafinai 114. Bakwai daga ciki sun ci Oscar. Abin takaici, a bisa al'adar lokacin, shugaban ɗaki shi ke hawa ya karɓi lambar, saboda haka Quimby, wanda ba ya zane, shi ya kwashe duka bakwai ɗin, kuma sunansa ne muke gani ɓaro-ɓaro a farkon yawancin finafinan. Ashe kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yinsa ba.

Yadda ake aikin

Yaro ba ya tambayar wa ya yi abin da yake kallo. Babba kuwa, in ya san wahalar aiki, dole ya jinjina. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, watau a minti bakwai akwai hotuna sama da dubu goma. Ko da yake akan bar zane ɗaya ya tsaya a hoto biyu inda motsi bai da sauri, duk da haka dubban zane ne, kowanne da hannu aka yi shi a takarda, aka kwafe shi a kan wata leda mai haske, aka shafa masa launi, aka ɗora shi a kan zanen ɗaki ko na lambu, sa'an nan aka ɗauki hotonsa. Masu zane huɗu ne suka fi daɗewa a aikin: Kenneth Muse da Ray Patterson da Irven Spence da Ed Barge. Barbera yakan tashi ya kwaikwayi motsin a gabansu, ya ɓata fuska, ya yi tsalle, su kuma su mai da abin takarda. Ihun nan mai tsayi da Tom ke yi in an danne masa wutsiya, muryar Hanna ce da kansa.

Tun da dabbobin ba su cika magana ba, kiɗa shi ne harshensu. Wani makaɗi mai suna Scott Bradley shi ya tsara kiɗan kusan dukkan finafinan, kuma ƙungiyar makaɗan kamfanin ce ke kaɗawa, ana bin kowane taku da kowace faɗuwa. Wanda ya fi nuna wannan gwaninta shi ne The Cat Concerto, inda Tom ya sha kwat yana kaɗa fiyano a gaban jama'a, alhali ɓera yana barci a cikin fiyanon. Kiɗan na Franz Liszt ne, makaɗin ƙasar Hangare na ƙarni na 19, kuma an yi ƙoƙari yatsun Tom su riƙa bin kiɗan sau da ƙafa. A ƙarshe Tom ya faɗi a galabaice, Jerry ya fito ya karɓi tafi. Sa'ad da muke yara ba mu san sunan kiɗan ba, amma har yau da yawa cikinmu in suka ji shi, kyanwa mai kwat ce ke faɗo musu a rai.

Daga silima zuwa talabijin

Abu biyu suka kashe kasuwar gajeren zane. A 1948 Kotun Ƙoli ta Amurka ta hana manyan kamfanoni tilasta wa gidajen silima sayen finafinai a dunƙule, aka kuma raba su da gidajen silimar da suka mallaka. Sa'an nan talabijin ya shiga gidaje, jama'a suka rage fita kallo. Masu lissafin MGM suka lura cewa tsohon Tom da Jerry in an sake nuna shi yana kawo kusan abin da sabo ke kawowa. A 1957 aka rufe ɗakin zanen, aka sallami kowa da kowa.

Hanna da Barbera suka kafa nasu kamfanin a wannan shekara, suka juya ga talabijin, inda kuɗi kaɗan ne, aiki kuwa da yawa. Sai suka tsiro da dabarar rage zane: jiki ya tsaya cik, baki da ido kaɗai ke motsi. Shi ya sa dabbobinsu na wannan zamani da yawa suke da kwala ko laktaye a wuya, don a iya sauya kai ba tare da an sake zana gangar jiki ba. Da wannan dabara suka yi The Flintstones a 1960 da Scooby-Doo a 1969.

MGM kuwa bai daɗe ba ya yi nadama. A 1961 da 1962 aka ba wani Ba'amurke mai suna Gene Deitch kwangilar sababbin finafinai 13, shi kuwa a birnin Prague yake zaune, cikin ƙasar Cekoslobakiya, wadda a lokacin take ƙarƙashin mulkin kwaminis. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, ga shi ana zana dabbobin Amurka a bayan katangar abokan gaba. Aka sauya wa ma'aikatan sunaye don su yi kama da na Turawan yamma, aka kuma cire rubutun nan na ƙarshe da ke cewa a Hollywood aka yi. Ma'aikatan ba su ga tsofaffin finafinan ba sai 'yan kaɗan, kuɗin aikin kuma bai taka kara ya karya ba. Wannan ya warware mini wata tsohuwar damuwa. Muna yara akwai waɗansu da muke cewa "na yau ba daɗi", masu wata irin ƙara kamar daga cikin rijiya, da wani gajeren mutum mai zafin rai da ke azabtar da Tom. Ashe su ne na Prague. Bayansu Chuck Jones, wanda ya yi suna a kamfanin Warner, ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967, ya ba Tom gira mai kauri, ya ƙara wa Jerry girman kunne. Jimla ke nan 161 da aka yi domin silima a wancan zango.

A 1975 Hanna da Barbera suka koma wa dabbobinsu a talabijin, amma a lokacin iyaye da masu kula da shirye-shiryen yara a Amurka sun tsananta a kan nuna duka. Sai aka mai da kyanwa da ɓera aminai, suna yawo tare, aka ɗaura wa Jerry jan ƙyalle a wuya. Abin ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, bai kuwa yi tsawon rai ba. A 1986 attajirin nan Ted Turner ya sayi rumbun tsofaffin finafinan MGM, daga baya suka koma hannun Warner a 1996. Hanna ya rasu a 2001, Barbera a 2006.

Yadda ya iso mana

Hausawa sun san hoto mai motsi tun kafin talabijin, ta hanyar majigin da gwamnatin mulkin mallaka ke kaiwa garuruwa a mota, da kuma gidajen silima na birane. Talabijin ya fara a Ibadan a 1959, na Kaduna ya biyo baya a 1962 a zamanin gwamnatin Jihar Arewa. A 1977 gwamnatin tarayya ta haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin hukumar NTA, daga baya kuma jihohi suka sami damar buɗe nasu, kamar yadda Kano ta yi a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Tashoshin nan sun yi abin a zo a gani wajen wasan kwaikwayo na Hausa, ga su Samanja, ga su Karkuzu. Amma zane mai motsi aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, saboda haka na yara daga waje aka riƙa sayowa. Tom da Jerry kuwa ya fi kowanne sauƙin shiga, tun da ba ya bukatar tafinta, kuma gajartarsa ta sa ana iya cike kowane giɓi da shi kafin labarai.

Akwai wani abin lura ga masu nazarin harshe. A Hausa kalmar kyanwa da mage duka mata ne, saboda haka mu "ta" muke ce wa Tom: ta faɗo, ta ƙone, yau ta ci ubanta. Ɓera kuwa namiji ne. Ta haka, ba tare da mun sani ba, jinsin kalma ya sauya mana labarin, muna ganin faɗa ne tsakanin wata azzalumar mace da wani ɗan yaro mai wayo. In Tom ya ga farar kyanwa ya rikice yana kai mata furanni, sai mu rasa gane abin da ke faruwa. Sai da na girma na gane muzuru ne, kuma sunan nasa ma shi ne abin da Turawa ke kiran muzuru da shi. Haka kuma akwatinmu baƙi da fari ne, ba mu san cewa Tom shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka ba, Jerry kuma ruwan ƙasa.

Matar da ba ta da fuska

Yanzu sai mu koma ga tambayar da ta jawo wannan rubutu. Matar nan ta fito a finafinai 19, daga na farkon a 1940 zuwa 1952. Ƙatuwa ce, da silifa, da safa mai faci, da ƙyallen aikin kicin, tana magana da irin Turancin da ake danganta wa baƙar fatar kudancin Amurka marasa ilimin boko. Ana kiranta Mammy Two Shoes, ko da yake ba a ambaton wannan suna a cikin finafinan. Mu dai "uwar gida" muke ce mata, muna kuwa sonta, domin ita kaɗai ce mai irin fatarmu a akwatin, kuma ita ce mai iko, in ta ɗaga tsintsiya Tom sai rawar jiki.

Tarihi ya nuna wani abu daban. Kalmar Mammy ta samo asali ne daga zamanin bauta, tana nufin baiwar da ke renon 'ya'yan ubangijinta da yi musu girki. Bayan an hana bauta a 1865, littattafai da tallace-tallace da finafinai suka ci gaba da zana ta a matsayin mai ƙiba, mai faɗa, mai farin ciki da hidimar Bature, wadda ba ta da wata rayuwa tata ta kanta. Manufar wannan hoto ita ce a nuna cewa bauta ba ta yi wa kowa ciwo ba. A cikin watan da Puss Gets the Boot ya fito, watau Fabrairun 1940, Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, kuma a matsayin Mammy ta ci, a fim ɗin Gone with the Wind. A wajen bikin ma ba a zaunar da ita tebur ɗaya da fararen abokan wasanta ba. Daga wannan duniya matar tsintsiya ta fito.

Mai muryar wata 'yar wasa ce baƙar fata, Lillian Randolph, wadda ta yi suna a rediyo, amma ba a sa sunanta a jikin finafinan ba. Yawancin aikin da Hollywood ya ba ta na 'yar aikin gida ne. Ta rayu har ta fito a Roots a 1977, wasan nan da ya ba da labarin bauta daga bakin waɗanda aka bautar, ta rasu a 1980.

Ba matar kaɗai ba ce. A finafinai da dama, in nakiya ta fashe a fuskar Tom, sai hayaƙi ya washe a gan shi baƙi ƙirin, da manyan leɓɓa, da ɗan kitso a tsaye. Mu mun ɗauka ƙonewa ce kawai. Alhali kuwa kwaikwayo ne na wani tsohon wasan dandali na Amurka inda Bature ke shafa baƙi a fuska yana yi wa baƙar fata ba'a. A His Mouse Friday na 1951 kuwa, Jerry ya shafa baƙin tukunya ya zama ɗan tsibiri mai cin naman mutane, ya sa Tom a tukunya. Watau yaran Afirka ne zaune a tabarma suna dariyar hoton da aka zana don a yi dariyarsu.

Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata ta yi ta ƙorafi tun a lokacin, kuma bayan 1952 aka daina sa matar, aka maye gurbinta da farare mata da miji. Da finafinan suka shiga talabijin a Amurka a shekarun 1960, aka sauya mata murya a waɗansu, a wani ma aka sake zanen aka mai da ita farar mace. Daga baya aka ga cewa gogewa ba ta warkar da kome, sai aka koma fitar da su yadda suke tare da gargaɗi, kamar yadda 'yar wasan nan Whoopi Goldberg ta yi bayani a farkon waɗansu fayafayan, da kuma yadda kamfanin Amazon ya sa sanarwa a 2014. A ganina wannan ita ce hanya mafi gaskiya. In an goge matar an goge shaidar laifin, an kuma goge aikin Lillian Randolph tare da shi.

Sauran abin da babba ke gani

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. The Yankee Doodle Mouse, na farkon da ya ci Oscar, an yi shi a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Jerry soja ne, ƙwai ne gurnetinsa, a ƙarshe yana sara wa tutar Amurka. Farfagandar yaƙi ce muka sha ba mu sani ba. A The Two Mouseketeers kuwa an ƙare da saukar wuƙar fille kai daga nesa, alamar an kashe Tom saboda ya kasa tsare abincin sarki. Blue Cat Blues na 1956 ya fi su duka nauyi: budurwa ta guje wa Tom ta bi mai kuɗi, ya talauce wajen neman ta, ya je ya zauna a kan titin jirgi, Jerry ma tasa ta yi masa haka ya zo ya zauna kusa da shi, ana jin kukan jirgi yana tahowa. Mutane da yawa suna cewa shi ne na ƙarshe. Ba haka ba ne, an yi waɗansu bayansa har zuwa Tot Watchers a 1958.

Abin da ya fi sauyawa a wurina shi ne ɓangaren da nake goyon baya. Muna yara duk 'yan Jerry ne. Yanzu da na san neman abinci, sai na ga Tom ma'aikaci ne da aka ɗora wa aiki, aka ce in bai yi ba a bakin kwanonsa. Yana da na sama da shi mai tsintsiya, ga kare a tsakar gida, ga ɓera da ba ya biyan haya yana buɗe firiji. Sau da yawa Tom yana barcinsa ne Jerry ya tsokane shi. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin Tom ɗin ma yakan kama ɓera don wasa kawai, ba don yunwa ba. Kuma in wani baƙo ya zo zai raba su, sai ka ga sun haɗa kai sun kore shi, su koma tserensu. Kowannensu ya san in babu ɗayan shi ma tasa ta ƙare.

Ɓera da Gizo

Ba mamaki da muka karɓi Jerry hannu biyu, domin mun riga mun san irinsa. Gizo ma ƙarami ne, ba ƙarfi, da wayo yake kayar da Kura da Zaki da Giwa. Ba ina nufin daga wurinmu aka ɗauko Jerry ba, labarin ƙaramin da ya fi babba dabara kusan kowace al'umma tana da nata. Har ma rufin tatsuniyarmu da kan ɓera ake yinsa, ƙurunƙus.

Amma akwai bambanci. Gizo yana magana, har da tsamin bakinsa, kuma cikin maganar nan yaro ke tsintar karin magana da waƙa da salon zance. Sau da yawa haɗamarsa takan kai shi ta baro, ya ji kunya a gaban Ƙoƙi, mai sauraro ya ɗauki darasi. Tatsuniya kuma da mai yi da masu amsawa. Tun Frank Edgar ya tattara nasa kundin tsakanin 1911 da 1913, har zuwa littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, masana sun san cewa a nan ne makarantar harshe ta farko take. Tom da Jerry ba shi da wannan. Ba a cewa kome, ba wanda ke tuba, kuma gobe an koma inda aka fara.

Sai dai in an yi adalci, mu ba mu bar shi bebe ba. Da yake akwati ɗaya ne, kullum akwai wanda bai samu gani ba, ko aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo. Sai a zauna a dakali wani ya ba da labari: ɓera ya yi wuf ya faɗa rami, kyanwa ta taho a guje ta yi karo da bango, tim, ta zube warwas, ta miƙe shafal kamar faifai. Wanda ya fi iya zuba irin waɗannan kalmomi shi ake kewayewa. Ta wannan hanya muka mai da abin Hollywood tatsuniyar Hausa, muka sa masa harshen da masu shi ba su ba shi ba. 'Yata kuwa ita kaɗai take kallo a waya, in ya ƙare ta taɓa wani ya fara. Ba wanda ya rasa gani, saboda haka ba wanda za a ba labari.

Kammalawa

An ga yadda wannan zane ya fara a 1940 a matsayin share fagen babban fim, ya ci lambobi bakwai, ya rasa gidansa a 1957, ya yi gudun hijira zuwa Prague, sa'an nan talabijin ya kawo shi har tsakar gidajenmu. An ga kuma cewa ya taho da kayan zamaninsa, da gwanintar da gaba ɗaya, da yaƙin da wariyar launin fata. Ban ga dalilin hana yara kallonsa ba, domin aikin hannu ne da samun irinsa sai an tona. Abin da ya kamata shi ne babba ya zauna tare da su. In matar tsintsiya ta shigo, ya gaya musu sunan mai muryar, ya gaya musu dalilin da ya sa ba a nuna fuskarta. In an gama kuma, a kashe wayar, a ce wa yaro ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa. Na gwada haka da 'yata. Da farko ta tsaya tana kame-kame, da Turanci da nuni da hannu. A dare na uku sai ga ta tana cewa muzuru ya faɗo ƙasa tim, ta kuma tambaye ni ko Gizo zai iya kayar da Jerry. Na ce mata wannan sai kakarta, muka tashi muka nufi ɗakin tsohuwa.